Kayen Lawali na ƙarshe yana hannuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe shago yayan Lawali ya kira ni daga Dogo. Lawali ya rasu. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, a can kudu inda ya tafi cin rani. Jiya aka binne shi, babu ɗayanmu a wurin.

Ga wanda bai san shi ba, shi ke rubuta labarin Gambo mai haƙar rijiya a gurup ɗinmu. Wasan rediyon nan da aka yanke tun muna samari ba a ƙarasa ba, shi ya ɗauko shi daga inda aka tsaya. Shekara uku yana jan sa.

Kun san ni, ba na roƙon kowa. A aji uku na koleji na bar lakwal, na yi sallama da boko. Na yi kabu-kabu shekara biyar. Gyaran portabul, wato wayar hannu, da ido na koya, ba wanda ya zaunar da ni. Shagona na Zango ni na gina, ni na sa masa kwano. Na aurar da ƙannena biyu ban ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Ban taɓa yi wa wani aiki ba a duniyar nan sai mutum ɗaya, kuma manomin nan ne.

Da bik, wato biro, yake rubutu a kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, don a gefensu waya ba ta samun rezo sai an hau tudu. Duk ranar kasuwar Mirriya mu haɗu a tasha, ya ba ni kayen, in dawo in buga a waya in tura muku. Sakatare yake ce mini. Da wani ne ya kira ni haka da mun yi faɗa.

Bai taɓa zuwa hannu banza ba. Ko zogale, ko gyaɗa, ya ce, “Na yara ne, ba naka ba, kada ka fara mini tsiya.”

Ba zan ci haƙƙinku ba, da farko kun taimake shi. Wata baiwar Allah ta gyara masa yadda Barebari ke kai amarya. Wani dattijo da ya yi haƙar rijiya ya ce masa igiyar da ya rubuta ba za ta ɗauki mutum ba. Lawali ya yi kwana uku yana murna.

Sai aka shigo da ƙuri'a. Duk mako admin ta tambaya me za a yi wa Gambo, abin da ya fi yawa shi za a rubuta.

Bara ruwa ya ɗauke hatsi na fidda kai. Kowa ya gani, ba sai na faɗa ba. Lawali ya rubuta abin da ke gabansa, rijiyar Gambo ta ƙafe. Gurup ya ɗauki wuta. “Fari a waje, fari a waya?” “Mu fa hutawa muka zo yi nan.” Aka jefa ƙuri'a, kuka ce a yi ruwa. Mu uku kawai muka ƙi.

Na je Mirriya ina huci, na ce, “Lawali, rabu da su, labarinka ne.”

Ya yi dariya. “Sakatare, ba su ruwan. Ni ba ni da shi, amma bik yana da shi.”

Babin ruwan nan da kuka yi ta turawa, kuna cewa har ƙamshin ƙasa kun ji, a gonarsa ya rubuta shi, zaune cikin karan da ya ƙone. Abin da ya girbe jaki ɗaya ya kwaso shi sau ɗaya.

Kun tsaya nan? Ina! Kuka ce a yi wa Gambo aure, aka yi. A ba shi mota, aka ba shi. A kai shi Makka. Mai haƙar rijiya ya yi wata shida bai taɓa igiya ba. Wata rana Lawali ya miƙo mini kaye ya ce, “In na haɗu da Gambon nan a hanya ba zan gane shi ba.” Ranar bai yi dariya ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tashar ce, da buhun kayansa a ka, rumbu ya ƙare. Duk da haka sai da ya zo da tiyar gyaɗa. Na ƙi karɓa, ya ɗora mini a kan babur. Sannan ya ciro sabon kaye daga aljihun riga.

“Riƙe wannan har in dawo. Ƙarshen ke nan. Ban tambayi kowa ba.”

Mako uku ba ku ga rubutu ba. Na faɗa muku ya tafi neman abin da iyalinsa za su ci. Me kuka ce? “Marubuci ya fara girman kai.” Wani ya rubuta, “Ko ya mutu ne a faɗa mana?” ya jera fuskokin dariya. Na ɗauki hoton maganar. Ba zan kira sunanka ba, ka san kanka. To, yau ga shi an faɗa maka.

Ko azahar ba a yi ba Hajiya admin ta buɗe sabuwar ƙuri'a, wai wa zai ƙarasa labarin. Hajiya, da girmanki. Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba.

Ba wanda zai ƙarasa, an ƙarasa. Na karanta ɗazu a shago, na rufe ƙofa. Babu ruwa a ciki, babu mota. Gambo ya tuɓe babbar riga, ya ɗaura igiya ya koma rami. Zan buga shi yadda yake, ko waƙafi ba zan taɓa ba. Wanda bai yi masa ba ya fita. In kun cire ni, a shafin nan nawa zan sa.

Allah Ka jiƙan Lawali, Ka yafe masa, Ka shayar da shi ruwan da bai samu ba a nan. Ka tsaya wa matarsa Hadiza da yaransa huɗu. Duk wanda ya taɓa jin daɗin layi ɗaya na rubutunsa, ya karanta masa ƙulhuwallahu, ko kana cikin waɗanda suka zage shi. Musamman ma kai.

Sharaɗina ɗaya ne. Shekara uku ban nemi a ambace ni ba, yau ina nema. A saman babin ƙarshe a rubuta Lawali na Dogo. A ƙarƙashinsa a rubuta sunana cikakke, kada a rage harafi: Laminu Maman, Zango, sakatarensa.