Wata Uku Ina Fashin Sallar Ƙarya

A ajinmu ni kaɗai ce ban taɓa fashin salla ba. Shekarata goma sha biyar, na fi kowa ƙashi, na fi kowa murya, amma duk azahar ina sahun gaba kamar an dasa ni. Sauran 'yan mata kowace da makonta. Da an kaɗa ƙararrawa sai uku ko huɗu su zame zuwa gindin dogon-yaro, suna taunar gyaɗa suna yatsina fuska, wai ciwon mara. Ni kuwa suka laƙaba mini Ladan. Sun ce da za a ba ni lasifika, da mutanen Shagari sun ji kiran salla daga nan Bodinga. Nakan yi dariya, in ce ai har Kajiji za a ji. Amma idan na koma gida nakan ɗauki madubin Inna in tsaya ina duban gashin da ke tsirowa a haɓata.

Da wani ciwo aka haife ni. Likitar da ke duba ni a Sakkwato ta taɓa zana mini shi a bayan takarda: ƙoda biyu, kowace da 'yar hula a kanta. Hulunan nan ne ke yin wani sinadari da jiki ba ya rayuwa sai da shi. Nawa ba sa yinsa, sai dai su yi ta kwararo sinadarin maza, kamar injin niƙan da aka zuba wa gero ya fito da barkono. Shi ya sa nake shan ƙwaya sau uku a rana tun ban san hannun damana ba, da wata 'yar mitsitsiya da safe mai riƙe mini gishiri a jiki. Idan maganin ya yi daidai, komai ya kwanta. Idan ya yi kaɗan, murya ta ƙara kauri, gashi ya fito, al'ada ta ƙi zuwa.

A zuwanmu na ƙarshe likita ta ce na ƙara girma, mai yiwuwa maganin ya yi mini kaɗan. Ta ce idan muka dawo al'ada ba ta zo ba, za ta auna jinina ta gyara shi. Na ji sarai. Amma komawa asibiti sai bayan watanni, gindin dogon-yaro kuwa kullum ne.

Wata Talata aka kaɗa ƙararrawa, na dafe mara, na ja ƙafa zuwa gindin bishiyar na zauna. Wata ta tambayi wa zai kira salla yau. Na ce Ladan ya ɗauki hutu. Suka fashe da dariya, suka matsa mini wuri, aka miƙo mini gyaɗa. Wallahi ban taɓa cin gyaɗa mai daɗinta ba.

Niyyata ƙaryar ta tsaya a ƙofar makaranta. Sai ga 'yar maƙwabtanmu, wadda muke aji ɗaya, ta biyo ni gida aron littafi. Aka kira la'asar, na miƙa hannu zan ɗauki buta, ta ce da ƙarfi, “Ke, kin manta kina fashi?” Inna tana tsakar gida tana sheƙar gero. Na ga faifan ya tsaya a hannunta, sannan ya ci gaba.

Ni ce 'yar fari, kuma Inna tana kunyata yadda uwarta ta yi kunyar nata ɗan farin. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce “ke”, ni ce “waccan”. Ko girgizar ƙasa ake yi ba ta manta lokacin maganina, za ta ajiye shi a kan faifai kusa da ni ta wuce, amma ba za ta tambaye ni yaya jikina ba. Balle wannan magana. Inna da ido take tambaya, buta ke ba ta amsa. Da magariba ta yi ba ta ce mini in tashi salla ba, sai na san na shiga uku.

Kwana biyu sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba, ta sauka daga Shagari da buhu a ka da kaza a hammata. Inna ce ta aika mata, don abin da uwa ba za ta iya faɗa ba Gwaggo tana faɗarsa har da kwatance. Ta ja ni ɗaki ta tura ƙofa. Ta zube audugar mata da za ta ishi unguwa guda, ta koya mini wankan tsarki tiryan-tiryan, tana yi tana zungurina. “Ɗiyag ga, kin sa mu zullumi,” in ji ta. “Uwakki har rama ta yi, ba ta hwaɗi ba dai.” Aka yanka kazar, aka ba ni cinyoyi biyu. Ina ci ina ba kazar haƙuri a zuci, don na san a banza ta mutu.

Da yammar nan na ji Inna tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa a bakin turmi. Ban taɓa jin ta yi ba. Abin da ya rufe mini baki ke nan. Na yi niyyar faɗin gaskiya ya fi sau goma, amma duk na tuna waƙar sai in haɗiye.

Barin salla kuwa ban isa ba, ina tsoron Allah. Sai in yi alwala a bayi, in lallaɓa rumfar da Baba ke ajiye albasa a bayan gida, in share wuri tsakanin tsibi biyu. Nan na riƙa salla kwana biyar duk wata, da sauri kamar ana bi na, kunne ɗaya yana sauraron takun Inna. Hijabina ya koma warin miya, har kudaje suka san ni. Audugar kuma in ɗauki sabuwa fil in jefa a masai, don a ga tana raguwa. A wata na biyu na manta ranar da ya kamata in fara, sai da na ga Inna tana kallon butar hannuna tana lissafi da yatsu. Washegari na dafe mara. Ina yin haka, gashin haɓata yana ƙaruwa, har na fara tsige shi da farce kafin in tafi makaranta.

Ranar asibiti muka shiga motar Sakkwato ni da Inna. Likita ta auna tsawona da nauyina, sannan ta yi tambayar da nake gudu. Kafin in buɗe baki Inna ta amsa, tana kallon bango: ta zo, wata uku ke nan. Likita ta yi murmushi har haƙoranta suka fito. Ta tambaye ni kwana nawa take yi, na ce biyar. Da ciwo? Na ce kamar mata shida suna daka a marata. Ta yi dariya. Ta ce to alhamdu lillahi, alama ce maganin yana aiki, za ta bar shi yadda yake, awon jinin ya jira sai bayan wata shida. Ta jawo katina ta fara rubutu.

Na zuba wa biron ido. Wata shida. Wata shida ina haɗiyar maganin da watakila ya yi mini kaɗan, hulunan nan suna ta aikinsu ba mai tsawata musu. Na hango kaina da gemu har ƙirji ina zuwa makaranta. Wannan ma abin dariya ne. Abin da ba na dariya ba shi ne maganar da likitar ta taɓa yi wa Baba, ina jin su, cewa idan aka daɗe sinadarin bai daidaita ba yana iya taɓa haihuwa nan gaba. Inna tana gefena, fuskarta a sake.

“Likita,” na ce, “ƙarya ce. Ba ta zo ba.”

Na so in faɗa a hankali, amma muryar Ladan ce ta fito. Ina jin har masu layi a waje sun ji.

Likita ta ajiye biro. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Ta tambaye ni dalili, na ba ta labarin dogon-yaro da gyaɗa da rumfar albasa, idona a ƙasa. Ta ce ita ba ta ganin cikin jikina, abin da muka faɗa mata da shi take auna magani, kuma saura kaɗan ta sallame ni a kan abin da babu. Sannan ta juya wajen Inna ta ce, “Hajiya, ke kin tambaye ta?”

Inna ta ce, “Ɗiyar hwari ta, likita.”

Likita ta gyaɗa kai, don ita ma 'yar gida ce. Ta ce ba ta ce a bar kunya ba, amma a nemo hanyar da gaskiya za ta riƙa isowa teburinta. Aka ɗebi jinina. Da sakamako ya fito aka ga maganin ya yi kaɗan ƙwarai, aka ƙara. Ta ce al'adar tana iya zuwa cikin 'yan watanni, tana iya jinkiri a sake gyara, ba za ta yi mini alkawarin rana ba.

A mota Inna ta juya fuska wajen taga har Bodinga. Na ɗauka shi ke nan, “ke” ɗin ma na rasa ta. Muna shiga gida ta ɗauko wata 'yar ƙwarya ta ɗora a kan guntuwar katangar da ke kusa da randa. Ba ni ta kalla ba, ƙwaryar ta yi wa magana. “Ran da abin nan ya zo da gaske,” ta ce, “a kihe wagga.” Gwaggo kuma ta bugo waya ta ce in amayo mata kazarta, har da ƙafafu.

Na koma sahun gaba a makaranta. Da suka tambaya na ce hutun Ladan ya ƙare. 'Yar maƙwabtanmu kaɗai na faɗa wa gaskiya, tun daga nan takan ajiye mini gyaɗa.

Wata huɗu ke nan ƙwaryar tana kallon sama. Kullum da safe Inna idan ta zo ɗiban ruwa sai ta saci kallonta, ni ma daga ƙofar ɗaki ina satar kallon Inna. Gashin ya rage fitowa, amma duk ɗan murɗawar ciki sai in ruga bayi, in fito ba komai. Saura mako uku mu koma asibiti, kuma ban san abin da jinin zai ce ba.

Shekaranjiya da hantsi akuyarmu ta haye katangar neman ruwa, ta ture ƙwaryar, ta faɗo a kife. Ina ɗaki ina haɗiyar ƙwayar rana ban sani ba, sai na ji takun Inna da sauri. Ta ɗaga labule, ƙwaryar a hannunta. Ta kalle ni ido cikin ido, abin da ban tuna ranar da ta yi ba.

“Ke ce, ko akuya?”

“Akuya ce, Inna.”

Ta tambaye ni ko marata na ciwo. Na ce a'a, ko kaɗan. Ta fita ta mayar da ƙwaryar kan katanga, ta ɗauko dutse ta saka a ciki.