Ranar da na yi wa ciyawar Tottori ban-ruwa

Shekarun baya kaɗan, kafin gwiwata ta dama ta fara yi mini gardama sosai, uwar yarana ta aike ni Japan in ɗauko mata 'yarta.

Ku da kuke karanta ni kun san ban yi nisa a karatu ba. Karatun ne ma ya kawo ni Alƙahira ina saurayi, muka kalli juna ni da shi, kowa ya kama gabansa. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina jan raƙumi a gindin dalar Giza, ina ɗora Turawa ina sauke su. Amma Allah ya ba ni 'ya mai kai. Ta karanci noma a nan, ta samu gurbi a wani gari wai shi Tottori, ta yi shekara biyu. Sai ta bugo waya: malaminta yana so ta ƙara uku ta zama dakta, kuma ba za ta sa hannu ba sai da yardata.

Uwarta ta ce, "Malam, yarinyar nan karatun rairayi take yi. Rairayi fa! Wanda nake sharewa daga baranda safe da yamma. Ka je bikin gamawarta ka taho mini da ita, khalas, magana ta ƙare. In ka shigo unguwar nan ta Ainu Shams kai kaɗai, ka nemi wurin kwana a ɗakin mai gadi."

Ni ma ra'ayina ke nan, don haka na ce tamam, na yarda.

Abokina da muke shan shayi tare ya cika mini kunne kafin in tafi. Wai a Japan mutum-mutumi ne ke kawo wa baƙo shayi, benaye kuma sun huda gajimare. Saboda haka da na isa Tottori 'yata ta ce, "Baba, yalla, tashi mu je, yau zan kai ka abin da garin nan yake taƙama da shi," sai na ciro babbar rigata ta Idi na saka.

Muka hau bas, muka sauka, muka taka wasu matakala. Na ɗaga kai.

Rairayi ne, jama'a. Tuddai-tuddai, iya ganinka. Mutane riƙe da lema suna ɗaukarsa hoto kamar amarya. Can gefe kuma ga raƙumi a tsaye, an yi masa ado, ana layi a hau. Na dubi raƙumin, raƙumin ya dube ni.

Na ce, "Ke, jirgi biyu kika sa na hau don ki nuna mini wurin aikina?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ja ni muka hau tudu mafi tsawo, wanda suke kira Bayan Doki, ina hawa ina istigfari. Gaskiya kuma a faɗe ta: da muka kai sama, ga teku shuɗi shar a gindin rairayin, iska tana zana layuka a kansa kamar an taje. Babu leda ko ɗaya. Wannan kam ba mu da shi a Giza. Ta kai ni wani gida da ake gina mutane da fadoji da rairayi zalla, ta nuna mini kangon gidan sarautarsu a gindin dutse. Duk na gani na yaba, amma zuciyata ba ta motsa ba. A raina na ce: 'yata ba za ta ƙone shekara uku a kan abin da muke da shi kyauta ba.

Washegari bayan sallar asuba ta ce mutanen gari suna fita aikin gayya a rairayin, malaminta ma yana can. Na ce madalla, dama shi nake nema. Aka miƙo mini safar hannu. Ita ta yi gaba neman malamin, ni gwiwa ta bar ni a baya.

Sai na ga ciyawa. 'Yan tsirarun ganye, kore shar, sun fito a tsakiyar rairayi, jama'a sun sunkuya a kansu can nesa. Nan da nan na gane aikin: renonta ake yi. Ba sai an faɗa mini ba. Ni ɗan arewacin Damagaram ne. Ina da shekara goma sha biyu rairayi ya fara shiga gonar babana, bana ya ci kunya biyar, baɗi ya ci goma, har ran da tsohon ya tsaya a kan tudu ya ce mini, "Nan ƙarƙashin ƙafarmu ne rumbu yake." Wanda ya ga haka, in ya ga kore a cikin rairayi, gaishe shi yake yi.

Na durƙusa, na tara wa ciyawar ƙasa a gindi, na buɗe gorar ruwan da aka ba ni in sha, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tsiyaya musu. Har da bisimilla.

Ina kan ta bakwai sai ga wani tsoho siriri da malafa. Ya rusuna mini, na rusuna masa. Ya sa hannu ya tumɓuke ciyawar da na shayar, ya jefa a buhu.

Ban san sadda na cafke masa hannu ba. "Haram alaik! Kai wane irin mutum ne? Ba ka tsoron Allah?"

'Yata ta taho a guje, mayafi yana tashi. "Baba! Baba, sake shi, malamina ne!"

Na sake shi, amma ban janye maganata ba. Na ce ta fassara masa, kada ta rage komai. Ta fassara, ina jin ta rage. Tsohon ya dubi jiƙaƙƙen rairayin, ya dubi gorata, ya yi ta dariya ba sauti. Sannan ya yi bayani, tana mayar mini da Hausa. Wai a da rairayin nan yana binne musu gonaki. Kakanninsu suka yi ta dasa itatuwa suna tare iska, shekara da shekaru, har rairayi ya tsaya. Da ya tsaya sai ciyawa ta fara cinye shi. Yanzu in ba su fito sun cire ta ba, tuddan da garin yake taƙama da su za su koma fadama.

Na ce, "Tsaya. Sake tambayarsa. Ciyawa ce take korar rairayi?"

Ta ce, "Haka ya ce, Baba."

Sai na zauna a ƙasa da rigar Idin. Shekara sittin ina ɗauka rairayi in ya shigo ya shigo ke nan, kamar mutuwa. Ashe akwai inda aka ci shi da yaƙi har ana tausaya masa.

Malamin ya sa mu a motarsa zuwa bayan itatuwan. Gonaki ne a kan farin rairayi, tsofaffin mata sun sunkuya suna dasa wata 'yar ƙaramar albasa da garin ya yi suna da ita. Daga nan 'yata ta kai ni wani ɗakin gilashi, ta nuna mini aikinta: gero, irin namu, a cikin rairayi tsantsa, siririyar roba tana ɗiga masa ruwa a gindi. Ya fitar da kai. Na murza zangarniya ɗaya a tafin hannuna, na sa a baki. Gero ne.

Ta ce a hankali, "Saura in gano yadda zai yi da rabin ruwan nan. Shi ne shekara ukun."

Na ce, "Ina takardar? Sa hannu kafin hankalina ya dawo."

Na shiga Ainu Shams ni kaɗai. Uwarta ta buɗe ƙofa, ta leƙa bayana, ta leƙa matakala, ta koma ciki. Ba ta kore ni ba, amma kwana huɗu sai dai in ga kwano a gabana. Ran na biyar ta ce, "Tana cin abinci kuwa?" Na ce tana ci. Ta ce, "Ma'alish, ba komai, Allah ya yi mata albarka."

Abin da na koya, in tsoho yana koyo, shi ne na daɗe ina kiran abu ƙaddara alhali aiki ne ba a yi ba. Kuma kafin ka kama hannun mutum, ka tambaya ko wane ne.

Yarinyar ta dawo da daktancinta, tana aiki a gonakin hamada a kan hanyar Iskandariyya. Kwanan baya ta tambaye ni ko zan iya gane iyakar gonar kakanta, wai tana so ta ɗebo ƙasar ta auna. Na ce akwai gawo biyu a gabas, in suna nan zan gane. Mun sa rana bayan damina. Tun daga lokacin kullum da safe sai na zagaya unguwa sau biyu don gwiwa ta saba da tafiya. Uwarta ta ce wahalar banza nake yi, tsofai-tsofai da ni. Shekaranjiya na waiwaya a kwanar mai burodi, sai ga ta a bayana da takalmin roba, tana haki.

Ta ce, "Me kake kallo? Ka ɗauka ku kaɗai za ku?"