Ladabin Mai Jefa Ƙwallo

Na isa Guangzhou a ƙarshen shekarun 1990 da akwati guda, rabinsa tufafi, rabinsa littattafan soyayya da na sayo a Kano. Karatun haɗa magunguna aka turo ni, amma ni na san abin da ya kawo ni. A duk littafin da na karanta, saurayin da ya tafi ƙasar waje ba ya dawowa shi kaɗai.

A kasuwar Shahe na fara ganinta, wata budurwa ce tana ciniki da wani Basine. Yana cewa "meyo", wato babu, tana cewa akwai, har ya gaji ya shiga ciki ya fito da kayan. Kafin in koma makaranta na raɗa wa 'ya'yanmu suna.

Da na bincika, ashe 'yar wani Alhaji ce daga zangon Kumasi, mai aika tufafi gida a kwantena. Kafin ya zo Sin ya daɗe yana tuƙin tasi a wani garin jami'a a Amurka, a can ya kamu da son ƙwallonsu, wadda ake runguma a ƙirji ana gudu ana kokawa. Wani abokinsa yakan ɗauko masa wasannin jami'ar a kaset. Ranar Lahadi bayan la'asar, a masaukinsa na Sanyuanli, sai a kunna, kowa ya zo. Ita ce take kawo shayi. Don haka na zama mai son ƙwallon Amurka.

Ban fahimci komai ba. Ƙatti su yi layi, su yi karo, su zube, alƙali ya jefa ƙyalle, a tashi a sake. Abin da na gane kawai shi ne akwai yaro guda da ake miƙa wa ƙwallon ya jefa, kwatabak suke ce masa, kuma a kansa Alhaji da ƙaninsa suke faɗa kowane mako. Ƙanin shi ma ya yi tasi, amma a wata jiha, wata jami'ar yake so.

"Duk Amurka babu kamar yaron nan bana," in ji Alhaji.

"Haba Yaya! Da ƙananan makarantu yake wasa. Ya haɗu da manya mana, ka ga yadda zai riƙa jefa wa abokan gaba kamar mai rabon zakka."

"Dubi hannu, kai!"

"Hannu gare shi, ido ne babu. 'Yan jarida ma ba su sa shi a sahun gaba ba."

"'Yan jarida sun taɓa jefa ko lemo?"

Ni kuwa littattafaina sun koya mini cewa uban yarinya da magana ake cinye shi. Sai jarumi ya miƙe a cikin taro, ya faɗi abin da ba wanda ya lura da shi, tsoho ya dafa kafaɗarsa. Na zuba ido ina neman nawa, na kuwa samu. A ƙarshen wani wasa da suka ci, yaron ya karɓi ƙwallo, bai jefa ba, bai gudu ba, sai ya kai gwiwa ƙasa a gaban waɗanda ya cinye. Ya tashi, ya sake.

Na jira sai da ta shigo da tire, sannan na gyara murya.

"Baba Alhaji, ni ba hannunsa nake dubawa ba. Tarbiyya nake dubawa. Yaro ya yi nasara, duniya na kallonsa, amma ya durƙusa wa waɗanda ya kayar, har sau biyu. Wannan ɗan gidan mutunci ne. Ko don wannan ladabi ya cancanci a ce shi ne na ɗaya."

Sai ƙanin Alhaji ya ƙware da shayi.

"Lokaci yake cinyewa, ɗan makaranta!" ya ce yana tari. "Agogo yake kashewa don kada su samu ƙwallon. Mugunta ce tsantsa!"

Ita ma ta ajiye tiren ta fita da sauri, ina jin dariyarta a baranda. Alhaji ya share hawaye da hularsa, ya tsayar da kaset ɗin, ya dube ni sosai.

"Ɗan Kano, kai ba ƙwallo ta kawo ka gidan nan ba. In wata magana ce, faɗe ta yanzu, ga ƙanina shaida. Ka bar mini yarona ya huta."

Ga ƙofa an buɗe mini har bango. Na laluba kaina, duk kalaman da na haddace, na wata da taurari da bugun zuciya, babu ko ɗaya. A littafi abokin jarumi ne yake kai irin wannan magana, ko kawu. Ba a taɓa tambayar jarumi kai tsaye ba.

"Wallahi Baba," na ce, "ƙwallon nake so."

"To madalla," in ji Alhaji, ya danna kaset.

Haka na ci gaba da zuwa har kakar wasan ta ƙare, don in na daina za a gane. Na koyi dokokin sarai, har nakan raba musu gardama. Bayan sallah wani ɗan Maraɗi mai harkar jiragen ruwa, wanda bai taɓa zama kallon ko wasa ɗaya ba, ya turo kawunsa neman aurenta. Ni aka sa na yi wa baƙi Sinawa tafinta a wajen walima.