Dutsen Da Ke Cin Dafi

Haƙar zinare wahala ce kawai. Shekara uku ina shiga rami a dajin Anka, abin da na samu ciwon baya ne da tarin baƙaƙen duwatsu. Kafin nan manomi ne ni, ban taɓa cin kwabon kowa ba.

Dutsen nan baƙi ne wuluk, da nauyi, da ƙulle-ƙulle kamar kashin akuya ya dunƙule. Ka riƙe shi, hannunka ya yi kamar ka taɓa gindin tukunya. Wata rana na yanke a yatsa, ina wankewa da ruwan wanke ciwon nan na kemis, haidirojin, sai ya ɗiga a kan dutsen. Kumfa ya taso, yana cuuu. Na zuba ruwan rijiya, shiru. A nan Shaiɗan ya dafa kafaɗata.

Na juye ruwan kemis ɗin a kwalbar turare, na ce dafin maciji ne na tatsa. Ranar kasuwar Gummi na shimfiɗa buhu, in ɗiga, kumfa ya tashi, in ce, "Ku duba yadda yake cin dafi." Makiyaya suka yi ta sayen dutsen don maganin saran maciji. Inna ta ce mini, "Kuɗin nan naka ba su da ƙanshi." Na saya mata atamfa, na ɗauka magana ta ƙare.

Wata la'asar, a wata ruga kusa da Adabka, na gama ciniki na zaga bayan garke. Kububuwa ta sare ni a idon sawu.

Na ce a kai ni asibiti. Ardo, shugaban rugar, ya yi dariya. "Malam, kai da magani ke aljihunka, mi za ka yi asibiti?" Suka kwantar da ni, suka ɗaure mini duwatsuna har uku. Wani ya ce, "Ku ƙara mai guda, ai mai abu ne." Ƙafa tana kumbura, su kuma sun kewaye ni suna jiran kumfa.

Na ce, "Baffa, ka ji tsoron Allah. Dutse ne kawai. Ƙarya nake yi."

Ardo ya ce, "Har wanda ɗiyata ke zuwa kiwo da shi a wuya?"

Na ce har shi.

Ya ce, "Ku ɗauko babur. Ya warke tukuna, sai mu yi magana."

Na warke, muka yi magana a gaban alƙali. Shekara biyu aka ba ni.

A gidan yari na haɗu da wani tsohon dillalin ma'adinai. Na kwatanta masa dutsen, ya yi dariya har da tari. Ya ce manganis ne, da ƙarfe da wasu ma'adinai a cakuɗe cikinsa. "Fasa batirin tocila, baƙin garin ciki ɗan'uwansa ne. Shi ke sa ruwan nan tafasa. Ko cizon cinnaka ba ya warkarwa."

Samari, ni na ci sa'a macijin ni ya zaɓa, ba ɗiyar Ardo ba. Da ita ce, babu shekarun da za su wanke ni. Kada ku sayar wa mutum abin da ku kanku ba za ku yarda a ɗaura muku ba. Na tuba, kuma har yau ina ɗingishi.

Ranar da aka sake ni na kwana gidan Inna. Washegari na ɗauki buhu, na kama hanyar Adabka ina bin ruga-ruga ina karɓar duwatsuna. Ardo ya miƙo mini uku, alhali huɗu na sayar masa.

Na ce, "Na huɗun fa, Baffa?"

Ya ce, "Yana danne marfin tukunya. Nan kam yana aiki."