Sindulf Maƙerin Fari na Fabiya da Barumen da Ya Fi Shi Hannu

Haihuwarsa

An haifi Sindulf ɗan Gaudipert a shekara ta 604 Miladiyya, a unguwar maƙera ta birnin Fabiya, kusa da bakin kogi. Mahaifinsa maƙerin fari ne, yana cikin jariran da aka goyo lokacin da mutanenmu Lambardawa suka ƙetaro duwatsu zuwa Italiya. Mahaifiyarsa Alferada ta rasu yana ɗan shekara shida, kuma shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan.

Koyon sana'a

Tun yana shekara takwas ya zauna gaban zugazugi, kuma kafin ya cika ashirin ya ƙware wajen ƙera ƙananan gicciyen zinariya da muke ɗinkawa a likkafanin mamatanmu. Babu wanda ya taɓa fifita wani a kansa sai a shekara ta 625, lokacin da mahaifinsa ya sayo wani bawa Barume, wato ɗan asalin Rum, mai suna Mauro, tsaran Sindulf, domin hura wuta. Cikin shekara biyu bawan ya riƙe guduma, har wata rana Gaudipert ya ɗaga wani zobe da Mauro ya ƙera a gaban abokan sana'a ya ce, "Jama'a, ku duba nan. Ni na haifi Sindulf, amma wannan hannun ba a gidana aka haife shi ba."

Waɗanda suka halarta sun tabbatar cewa Sindulf ya yi dariya tare da kowa, sannan ya yi kwana uku bai ci abincin gidan ba.

A shekara ta 630 Gaudipert ya 'yanta Mauro bisa al'ada: aka kai shi mararraba, aka ba shi kibiya, aka ce ya bi hanyar da ya ga dama. Ya bi wadda ta komo unguwar, ya buɗe maƙera ƙofa biyar daga ta Sindulf.

Aurensa

A shekara ta 632 ya auri Ratruda 'yar Walfrid mai kiwon dawaki, ya ba ta kyautar safiyar aure sarƙar da ya shafe wata huɗu yana ƙerawa. Sai dai ranar Lahadin farko, da za su coci, ya ga wani maɗaurin riga a kafaɗarta wanda gwaggonta ta ba ta, kuma tun daga bakin ƙofa ya gane hannun Mauro ne.

"Wa ya ƙera wannan?"

"Haba maigida," in ji ta, "maɗauri ne fa, ba miji ba."

A ranar ya jefa shi cikin kogi. Duk da haka sun zauna shekara arba'in, suka haifi 'ya'ya shida, biyu suka rasu tun suna ƙanana.

Shari'ar gicciye

A shekara ta 644, shekara guda bayan an rubuta dokokinmu, aka ba Mauro aikin babban gicciye na cocin unguwa, aikin da a dā gidan Gaudipert ne ke yi. Sindulf ya je gaban alƙalin sarki ya zarge shi da gauraya zinariya da tagulla. Mauro ya nemi a narka gicciyen a gwada, amma Sindulf ya ƙi, ya ce sai dai takobi ya raba gardama. Da yake Mauro bai taɓa riƙe garkuwa ba, sai ya ɗauko wanda zai tsaya masa. Ratruda ta tare mijinta a zaure ta ce, "Baban Aldo, ko ka kashe shi, hannun nasa ne zai koma jikinka?"

Aka yi karon a filin gaban fada, inda Sindulf ya rasa babban yatsansa na dama da wasu biyu, aka kuma wanke Mauro daga zargi. Mauro ya aiko masa da mai magani, Sindulf ya kore shi. Bayan shekara biyu Mauro ya yi ƙaura zuwa birnin Benebento da ke kudu, yana cewa ba zai iya ganin wannan hannun kowace safiya ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Daga nan Sindulf bai sake riƙe guduma ba, ya koma sayar wa maƙera gawayi. Duk fataken da suka zo daga kudu sai ya tare su da tambaya guda: "Ina labarin Barumen nan? Idonsa bai fara mutuwa ba?" A shekara ta 655 babban ɗansa Aldo ya nemi izinin zuwa Benebento koyon sana'a wajen Mauro, Sindulf ya hana shi, ya yi rantsuwa a kai. Aldo ya tafi.

A shekara ta 671 labarin mutuwar Mauro ya iso, kuma tambayar farko da Sindulf ya yi ita ce mutum nawa suka raka shi kabari. Da aka ce sun haura ɗari uku, sai ya yi wasiyya cewa ranar jana'izarsa a yanka shanu biyu, a buɗe tulunan ruwan inabi duka, a yi shela har ƙauyuka.

Rasuwarsa

Ya rasu a tsakiyar hunturun shekara ta 672, yana da shekara sittin da takwas. An binne shi a maƙabartar ƙofar gabas tare da takobinsa, an kuma cika wasiyyarsa baki ɗaya, sai dai ƙanƙara ta toshe hanyoyi, mutum goma sha bakwai ne suka halarta.

Ya bar matarsa Ratruda da 'ya'ya huɗu: Gisa, matar wani mai jirgin ruwa a Fabiya, Teudo, wanda yake cikin mayaƙan sarki, Alferada, wadda ta shiga gidan zuhudu, sai Aldo, maƙerin fari a Benebento, inda har yau ba a san shi da wani suna ba sai Aldo na Mauro.