Ninian Geddes Ya Tafi Ya Bar Ni Da Ludayi

Ranar Talata, 16 ga Fabrairu, 1762, Allah ya yi wa Ninian Geddes rasuwa, mako guda bayan ɗalibai sun dawo daga ƙauyukansu da buhunan garin kunu. Shi ne Ikonomus na kwalejinmu, mai riƙe da rumbu, gawayi da kyandir. Ni kuwa mai dafa abinci ce a ƙarƙashinsa.

Ninian, har yanzu na rasa wane irin mutum zan ce kai ne. Kai ne ka hana shugaban kwaleji kyandir na biyu, ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ai Latin ɗin nan ka haddace shi, me za ka gani kuma?" Mun sha yin faɗa a kan gishiri. A bayan idonka Mai Maƙo nake kiranka, kuma na san ka sani.

Ka'ida ita ce kowane ɗalibi ya ci daga buhunsa, wanda nasa ya ƙare ya koma gida. Amma tun da na zo ban ga an sallami kowa ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Kai kake aunowa, ni in dama.

Bayan jana'iza shugaba ya ba ni makulli, ya ce a ware wa kowa nasa. Na buɗe rumbu, ban ga buhu ko ɗaya ba. Duk ka juye su cikin babban akwati guda. Na tsaya kamar wadda ta ɓata a kasuwa. Ganganci ne, ko tsufa ne ya ruɗe ka? Matarka Elspet ta ce kwanan nan ko hularka ba ka sanin inda ka ajiye.

Sai ga Tormod, ɗalibin da teku ta cinye kwalekwalen mahaifinsa bara, ya ce mini a hankali, "Inna Bethia, ni fa ban kawo komai ba. In haɗa kayana?"

Shugaba yana tsaye yana jira. Na ce, "Ranka ya daɗe, in akwai mai iya gane garinsa a nan, ya zo ya tsince."

Ba wanda ya motsa. Da na dama kunu, na zuba wa Tormod ludayi biyu.

Allah ya jiƙanka, Ninian, ya yafe maka kurakuranka. Ya ba Elspet da 'yarku Girzel haƙurin wannan rashi. Ko da gangan ka yi, ko mantuwa ce, Ubangiji ya auna maka rahama yadda ka auna wa yaran nan, ba tare da duba buhunka ba.