Ɗuri Biyu a Bindigar Dakta

Shekarata goma sha ɗaya a aikin nan, na ga abubuwa da yawa na manta, amma ranar da na taka da ƙafata na shiga gaban bakin bindiga ba ta taɓa barin raina ba. Tun da kuka kama aiki da mu kuke cewa Malam Sada ya cika faɗa a kan ɗuri. To ku zauna ku ji dalili.

Ga wanda bai san wurin ba, gonar Alhaji Rabe tana bayan Batagarawa, an kewaye ta da waya. Tun da shiga daji ya zama kasada, nan masu sha'awar farauta na cikin Katsina suke zuwa ranar Asabar. Alhaji yana kiwon barewa da gada a ciki, in maza sun yi yawa sai ya ba baƙo izinin harbin guda. Ni ke riƙe da ɗakin bindigogi, ni ke raka baƙo. Bindigoginmu biyar, duk da takardunsu: uku na bature masu harsashi, biyu adaka, wato ta gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki.

Ɗurin adaka ba wuya, amma ba ya son hira. Da farko ka zura sandar ɗuri cikin bututun. Akwai tsaga a jikin sandar, in ta yi daidai da baki, ba komai a ciki. Sai ka auna albarushi ka zuba, ka danna tsumma, ka zuba dalma, ka sake danna tsumma. In ka gama ka ɗaura jan ƙyalle a wuyan bindigar don kowa ya san an ɗura ta. Bututun nan aikin maƙeri ne, ɗuri ɗaya yake iya ɗauka. In aka yi masa biyu, a hannun mai riƙe da shi yake fashewa.

Wata Asabar ce cikin bazara. Na baro Ƙofar Durɓi bayan sallar asuba, na isa gona gari na wayewa. Baƙonmu abokin Alhaji ne, Dakta Mannir, likitan tiyata, mutumin da abincinsa ke tafin hannunsa. Ya sauko daga mota da riga da wando masu launin ganye, da madubin hangen nesa a wuya, da wani takalmi mai nauyi da ke kuka duk inda ya taka. Ga turare ya sha kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na daɗe ina faɗa, kaya ba sa harbi, kuma barewa hancinta ya riga idonta. Cikin ladabi na ba shi tsohon takalmina na roba, na roƙe shi ya wanke wuyansa. Ya yi dariya ya bi, don ba shi da girman kai.

Na miƙa masa ta bature, ya ce a'a, adaka yake so, da ita mahaifinsa ya yi farauta. Ashe saboda haka ne ma Alhaji ya aika aka ɗauko Baba Tunau, tsohon maharbi da ya kusa tamanin, wanda suka yi yawon daji da mahaifin Dakta.

Na ɗura bindigar a gindin darbejiya. Na sa hannu aljihu zan ciro jan ƙyalle ke nan, sai motar Alhaji ta shigo. Kun san ba a barin maigida ya fito daga mota ba wanda ya tarbe shi. Na jingine bindigar na ruga. Muka gaisa, ya tambayi iyali da zafi da jikin tsohuwata, daga nan ya ja ni duba kwamin da dabbobi ke shan ruwa. Ko da na dawo, Dakta ya saɓa bindigar a kafaɗa, suna ta dariya da Baba. Ƙyallen bai sake zuwa mini a rai ba.

Muka shiga mu uku. Ina sakin toka kaɗan-kaɗan don in ga inda iska ta nufa, saboda dole ta riƙa buso mu daga wajen naman. Mun fi awa muna sanɗa kafin mu hango garken a gindin wata magarya, da namijin da Alhaji ya yarda a harba. Na nuna wa Dakta wani suri a gaba, na yi masa alama ya ja ciki shi kaɗai zuwa can. Ni da Baba muka laɓe bayan sabara, kamar taku talatin tsakaninmu da shi.

Dakta ya isa surin, ya ɗora bindigar a kai, ya ja kunamar bindigar baya. A nan ne Baba ya matso kunnena yana murmushi.

"Yau za ka ga harbi, Sada. Irin ɗurin da nake ma ubanshi na yi mashi, a cike."

"Wace bindiga, Baba?"

"Wadda ka jingine mana, tunda ba ƙyalle. Ai ba a barin ɗan aboki ya ɗura da hannunshi."

Na shafa aljihu, ga ƙyallen nan kwance. Na tambaye shi ko ya auna kafin ya zuba, ya ce da tasa sandar ya yi aiki, wadda ba tsaga, kuma yana cikin ba Dakta labarin mahaifinsa. Ya dubi fuskata, murmushin ya ɗauke.

Tsoro irin na lokacin ban taɓa jin sa ba. Hannun hagun Dakta yana riƙe da bututun daidai inda ɗurin yake, kuncinsa manne da katako, yatsansa a kan kunama. Jira kawai yake namijin ya juya gefe. In na ƙwala masa kira, wanda aka firgita matsewa yake yi. In na yi jifa garken ya watse, sabon maharbi bin na gudu yake da harbi. Jan ciki kuwa ba zai kai ni kan lokaci ba. Abu ɗaya na sani da ke hana yatsa motsi, shi ne ido ya ga mutum. Kuma doka ta farko da ake koya wa kowa a sana'ar nan ita ce kada ka gitta gaban bindiga.

Na miƙe. Baba ya riƙe mini wando, na fizge. Na zagaya ta dama inda Dakta zai gan ni, hannuwana a sama, ban yi gudu ba, don gudu ma firgitarwa ne. Ina ta innalillahi a zuci. Bareyin suka ɗaga kai gaba ɗaya, suka zabura, kuma kamar da gangan ta gefena suka yanko. Bakin bindigar ya bi su, ya zo ya tsaya a ƙirjina. Ina ganin ramin baƙi ƙirin.

"Dakta, cire yatsanka," na ce, a hankali kamar mai lallashi. "Cire yatsanka, ka ɗaga bakin sama."

Sai da na maimaita sau uku kafin ya ɗaga.

Ya taso, ya wanke ni tas. Ya kira ni mahaukaci, ya ce saura ƙiris in sa shi kisan kai, kuma sai ya ga Alhaji ya kore ni a ranar. Kuma yana da gaskiya a abin da ya gani. Na karɓi bindigar, na sauke kunama a hankali, na zura sandata. Ɗuri ɗaya yatsa huɗu yake ɗaga tsagar. Wannan ta haura takwas.

Na zuba ruwan gorata cikin bututun don albarushin ya jiƙe, na murɗa waya na shiga zarowa. Tsumma ya fito, dalma ta biyo, sai albarushi. Na ci gaba: wani tsumman, wata dalmar, wani albarushin. Na jera su a ƙasa gaban Dakta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna daɓas, ya buɗe hannunsa na hagu yana juya shi.

Baba Tunau ya cire hula ya durƙusa gaban Dakta, wanda a shekaru ya haife shi. Ya ce shi ne, a yafe masa, ya so ya girmama ɗan abokinsa ne. Abin ya ba ni tausayi har na ji hawaye. Na ciro ƙyallen na nuna musu, na ce da na ɗaura shi da Baba bai taɓa bindigar ba.

Haka na faɗa wa Alhaji, ban rage komai ba, ina jiran ya sallame ni. Sai ya ce daga ranar in ina ɗuri motarsa ta shigo, ko ɗaga kai kada in yi. Dakta ya rungume ni kafin ya tafi, ranar Litinin kuma ya koma asibiti da yatsunsa goma. Baba Tunau ne dai bai sake tako gonar ba. An aika masa da mota har sau biyu, ya ce a gaida Alhaji, shi ya ajiye farauta. Wannan yana ci mini rai har yau, don nawa sakacin ne ya jawo masa.

Ku lura, a cikinmu ba wanda ya yi nufin sharri. Ni na bar aiki rabi don in gaida na gaba da ni, Baba ya ɗura don ya karrama baƙo. Mu mutane ne masu ladabi, kuma ina alfahari da haka, amma bindiga ba ta san babba ba. Shi ya sa na ce hannu ɗaya ke ɗuri, kuma ba ya tsayawa sai ƙyalle ya hau. In mahaifinka ne ya yi sallama kana cikin ɗuri, bar shi tsaye har ka gama. In ya ji haushi, ka bi shi gida ka ba shi haƙuri.